Shaidar Tsugune

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban alkali a Kurfi ba.

Farkon zuwan Turawa ne, lokacin da aka tsananta a kan maganar gona. Aro ne ko jingina, ba ta tsayawa a gaban shari'a sai da shaidu biyu da suka ji da kunnensu. Gwaggona Hauwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu a ƙauyen Barkiya, ta ba maƙwabcinta Tanko aron gonarta kafin yaran su tasa. Shaidun su ne Liman da ni. Na zuba babbar riga, na naɗa rawani, ina taku kamar da ni aka raba ƙasar.

Sai dai da safen na cika cikina da ɗanwake, na bi shi da tsohon nono (kwaɗayi ne, ba yunwa ba). Muna zagaya iyakar gonar cikina ya fara murɗawa. Daidai lokacin da aka tsaya za a furta magana, na sulale bayan wata sabara. Daga can na ji Gwaggo sarai tana cewa, "Aro na ba ka, Tanko, sai yarana sun iya riƙon fartanya." Ya ce ya karɓa. Na dawo na amshi goron shaida, ban ce wa kowa uffan ba.

Da yaran suka girma, Tanko ya kafe cewa kyauta aka yi masa. Aka tafi gaban alkali. Cikin dattawan da suka raka mu har da surukina, mutumin da ko tari ba na yi a gabansa.

Liman ya ba da shaida, ni ma na bayar da murya mai kauri. Sai Tanko ya zabura: "Allah shi gafarta Malam, wanga ba ya wurin! Sa'ad da aka yi maganar ko ƙeyarshi ban gani ba."

Aka tambayi Liman, ya ce gaskiya shi ma bai gan ni ba. Alkali ya juyo gare ni.

"Ina kake da ka ji?"

"Kusa, Allah shi gafarta Malam."

"Tsaye ko zaune?"

"Tsakanin biyun."

Na saci kallon surukina, na dubi Gwaggo. In na yi shiru shaida ta koma ɗaya, gonar marayu ta tafi. Tausayinta ya fi ƙarfin kunyata. Na runtse ido na ce, "Tsugune nike bayan sabara. Ɗanwake ne."

Liman ya tafa hannu: "Ashe kai ne! Wallahi mun ji nishi daga wajen, muka ɗauka akuya ce."

Dogarin alkali ma sai da ya jingina da bango don dariya. Surukina ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Nishin nan ne ya tabbatar ina wurin. Alkali ya karɓi shaidata, gona ta koma hannun marayu. A hanyar gida Gwaggo tana kuka tana dariya, ta ce, "Ɗana, Allah shi rufa maka asiri, tunda kai ka tona naka saboda mu."

Tun ranar na gane cewa a maganar gona bai isa ka ji ba, sai an gan ka kana ji, kuma da wandonka a ɗaure.