Alhaji Bube Ya Fassara Fatalwar Madatsa

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah ya yi wa gabashin Sakkwato, mutane kan fara da madatsar ruwa ta Goronyo, su bi da tafarnuwar Wurno, su ƙare da shanun Rabah. Wannan rashin adalci ne. Wanda ya kamata a fara ambata shi ne Alhaji Bube Sisawa, kuma shi da kansa ya sha jawo hankalin jama'a a kan wannan kuskure.

Alhaji Bube shi ne shugaban kwamitin rabon ruwa na manoman rani a wata fadama da ke bayan Wurno. Mabuɗin ƙofar magudana a aljihunsa yake kwana. Wanda ya tuna da shi, albasarsa ta yi kai. Wanda ya manta da shi, tasa ta sunkuya ta yi ja. Tun ranar da aka damƙa masa mabuɗin nan bai ƙara faɗin abin da ba daidai ba, bai kuma ƙara yin barkwancin da ba a yi wa dariya ba. Shi ya ɗauka baiwa ce ta sauko masa da girma.

Ilimin ruwa ya yi masa kaɗan. Wata shekara aka tura shi taron bita Kaduna, aka sauke shi a ɗakin da ke da talabijin mai tashoshi barkatai. Abokan tafiyarsa sun komo da bayanin yashe magudana. Shi ya komo da tabarau marar magani, da sanda mai kan azurfa, da wani fanni da ya raɗa wa suna ilimin auren hoto da sauti. A gabansa ana ce masa Farfesa. Da ya juya baya sai a cika sunan: Farfesa Makulli.

Ya fara gwada fannin ne a kan bidiyon bikin ɗiyar maƙwabcinsa. Ya sa aka tsayar da hoton daidai inda wata akuya ta gifta bayan amarya, ya gyara tabarau ya ce, "Ku diba da kyau. Kiɗi ya sauka, akuya ta wuce. Wanga ba haɗari ba na. Mai ɗaukar hoto shina hwaɗa muna ƙuruciya ta tahi ke nan." Uban amarya, wanda shinkafarsa ke jiran ruwa a makon, ya ce wallahi shi ma haka ya gani.

Ana nan sai ga aikin da ya dace da girmansa.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Goronyo, sunanta Elisabatu, mutuniyar Gombe. Tana da murya, tana waƙa a coci, kuma wani saurayi ya taɓa yi mata alkawari ya gudu. Ta zuba baƙin cikinta a waƙar zamani mai fiyano. Patrick, malamin kimiyya a wata sakandare a Rabah, ya ce zai yi mata bidiyo irin na ban tsoro. Suka je bakin ruwa da asuba. Ta shafa farar hoda har wuya, ta saki gashi, ta sa farin zane, ta fito daga ruwa a hankali tana bin wani mutum cikin gonar alkama. Ko'ina ya juya tana bayansa.

Bidiyon ya bi wayoyi daga Goronyo har Achida. Matasa suka haddace waƙar. Amma 'yan ƙwadagon da ke ban ruwa da sassafe suka ce su fa ba su ƙara taka bakin magudana sai rana ta take. Albasa ta fara jin jiki. Magana ta juya: baƙuwa ta tsokano mutanen ruwa. Mai gidan da Elisabatu ke haya ya fara zancen ɗansa zai yi aure, yana bukatar ɗaki. Wasu dattawa suka fara shawarar zuwa wurin manyanta na asibiti a ɗauke ta daga garin. Ita da ta zo yi wa yara allura, sai ga shi uwaye na janye yara idan ta wuce.

Manoma suka kai kuka wurin Alhaji Bube. Ya saurare su ido rufe, sannan ya sanar cewa zai yi wa bidiyon nazari a bainar jama'a, ya yanke hukunci: ko fasaha ce a bar yarinya, ko kiran aljanu ne ta tattara kayanta.

Ya shiga nazari ka'in da na'in. Sai dai akwai wani ƙaramin abu da matarsa Hajiya Safara'u kaɗai ta sani. Ranar da ya fara buɗe bidiyon, wata ƙara ta tashi tun kafin hoto ya bayyana, Farfesa ya saki wayar cikin ƙwaryar fura. Daga ranar ya kashe sautin ɗungurungum. Yakan kalla ne da rana tsaka, ƙofa a buɗe, waya can ƙarshen hannu, Hajiya na zaune kusa tana tsintar shinkafa bisa umarninsa. Da ta tambaye shi yadda za a auna waƙar da ba a ji ba, ya ce, "Ke mi kinka sani? Masani ido shika fara horewa. Kunne bara na, daga baya shika biyowa."

Ranar taro, bayan la'asar, aka cika ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma, inda warin tafarnuwa ya kama bango. Aka rufe tagogi, aka rataya farin zanen gado. Patrick ya kawo kwamfuta da majigi. Sifika kuwa aro aka yi wurin Lawwali, mai yawo da maganin gargajiya kasuwa-kasuwa a kan babur. Lawwali ya ajiye ta, ya koma baya ya zauna, don shi ma yana da ɗan fegin albasa a fadamar. Elisabatu na gefe a kan benci, hannuwanta a matse tsakanin gwiwoyi.

Patrick ya durƙusa zai haɗa sifika da kwamfuta. Alhaji Bube ya tare shi da sanda.

"Malam Patrick, kai tsaya ga hoto. Sauti sashena na. In na ɗaga sanda ka tsai da hoto, ni in tsai da murya."

"Alhaji, ai wayar ba a..."

"In masana na aiki, malamin makaranta kallo shikai."

Ya danna maɓallin sifika da babban yatsa, irin yadda yake murɗa ƙofar ruwa. Sifikar da ba a haɗa da komai ba ta yi abin da ta iya: ta kama abin da ke cikin katinta. Abin da ke ciki kuwa sabuwar waƙar talla ce da Lawwali ya sa aka yi masa a Sakkwato, bai ma fara sakinta a kasuwa ba. Fiyano mai sanyi, muryar mace mai ban tausayi.

A kan zane ruwa ya motsa, farin kai ya fara ɓullowa. Murya ta ce, "Ya zo maka ba sallama, ya zauna inda ba a gani."

Sanda ta tashi. Hoto ya tsaya, murya ta tsaya.

"Kun ji? Kun gani?" in ji Farfesa. "Ba sallama! Ta hito ruwa, wa ta gaisas? Inda ba a gani, wato ƙarƙashin ruwa, wato ƙarƙashin zuciya. Hoto da baiti sun haɗu awa ƙofa da mabuɗi. Ni da na ga wanga wuri sai da na aje waya na yi tagumi."

Elisabatu ta miƙe. "Baba Alhaji, wannan ba..."

"Zamna, ɗiyata. Wanda anka yi wa aiki ba shi riƙa wa likita almakashi."

Ta dubi Patrick, Patrick ya dubi rufin ɗaki. Ta tuna ɗakinta da mai gidan haya, ta zauna. Matasan da suka haddace ainihin waƙar suka fara taɓa juna da gwiwar hannu. Lawwali daga can baya ya buɗe baki, ya tuna albasarsa, ya rufe.

Aka ci gaba. Mutumin cikin bidiyo ya zauna bakin gona, ya zabura ya tashi, ya waiga. Murya ta ce, "Ka zauna babu daɗi, ka tashi babu daɗi."

Farfesa ya buga sanda a ƙasa don murna. "Allahu akbar! Ku dibi zamanai. Rabin jiki ɗai ya aza bisa kunyar gona. Wanga zama, jama'a, sai wanda abin ya taɓa. Mutum shina cikin taro, ana ganin shi da babbar riga, amma shi ɗai ya san wutar da ka cin shi. Shi karkata nan, shi karkata can. Wanga shi a so!"

Wani tsoho a sahun gaba ya cusa gefen rawaninsa a baki. Ya riga ya gane inda waƙar ta dosa, don ya san hanyar. Amma gobe ne ranar ruwansa.

Fatalwa ta bi mutumin har ƙofar gida, matarsa ta fito ba ta ga kowa ba. "Ka ɓoye wa matarka, ka ɓoye wa aboki."

"Sirri!" in ji Farfesa, ya rage murya. "Ita matar ba ta gani. Don mi? Don abin baya gare shi shike. Kullum baya! Kun lura mai hoto bai taɓa kawo ta gaba ba? Wanga shi muka kira hikimar baya."

Kafaɗu suka fara rawa a cikin duhu. Wani ya fake da tari, tarin ya bi ɗaki kamar annoba. Ba a taɓa ganin mutane masu yawa haka suna fama da dariya kamar masu riƙon fitsari ba. Kowa ya san wanda ya fara saki, gonarsa ce za ta biya. Alhaji Bube ya ga jikuna na karkarwa, ya ga hawaye a idon manya, ya tabbata tsoro da ilimi ne suka haɗu suka kama su. Ya ƙara buɗe murya.

Rana ta ɓullo ja a kan ruwan madatsa. "Da asuba ka duba, sai ka ga jini."

"Jini! Ga shi kuwa ruwa ya yi ja. Ni nan da kuka gani, na san wanga hali. Na kwana da shi, na tashi da shi. Ba karatu ɗai ba na, abin da na ɗanɗana na nika hwaɗa muku."

Tsohon nan na gaba ya rarrafa ya fita.

Saura ƙarshe. Fatalwa ta matso, farar fuskarta ta cika zane, ta buɗe baki. Farfesa ya ɗaga hannu biyu. "Yanzu za ta hwaɗi sunanta. Duk nazarina nan ya taru. Ku kasa kunne!"

Ganga ta shigo da ƙarfi, murya ta rangaɗa: "Basir! Basir! Kwananka ya ƙare! Nemi Lawwali mai babur, cokali da safe, cokali da yamma!"

 Majigi kaɗai ke huci. Alhaji Bube ya tsaya da hannuwa a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare. Ya sauke su a hankali. Ya cire tabarau, ya goge gilashin da ba ya ƙara masa gani, ya mayar. Da ƙaramin mutum ne, da nan ya nemi ƙofa. Amma ba a banza ake zama Farfesa ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Nan nika son ku iso da ƙahwahunku. Tun ranar farko na gane, na bari ku sha wuya don ilimi shi zamna. Wagga ba aljana ba ta. Basir na anka sa wa zane. Yarinya ma'aikaciyar lahiya ta, wayar da kai takai. Babu komi cikin ruwanmu. Gobe kowa shi koma ban ruwa da asuba, kuma wanda ya ƙara takura mata, da ni shikai."

Tafi ya ɓarke, kuma a ƙarƙashin tafin kowa ya sauke abin da ya daɗe yana riƙo. Manya suka riƙe ciki suna "Sai Farfesa!" Dattawan da suka so a kore ta suka fita suna share ido. Babu ɗan ƙwadagon da zai yarda a ce basir ya hana shi zuwa gona.

Elisabatu ta tsira da ɗakinta da aikinta. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba," haƙoranta a cije. Waƙar da ta yi da hawayenta ta samu sabon suna, waƙar basir, kuma ta san har ta bar ƙasar Sakkwato ba mai kiranta da wani.

Alhaji Bube na tsaye bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa, jama'a kewaye da shi, sai Lawwali ya matso da sifikarsa a hammata. Ya tuɓe takalma, ya tsuguna, fuskarsa cike da girmamawa ta gaskiya.

"Ranka shi daɗe, na tsuhwa cikin wagga sana'a, ban taɓa jin wanda ya san ciwon ga ciki da waje awa kai ba. Yadda ka kwatanta zaman nan, wallahi sai mai shi. Don Allah ranar kasuwar Achida ka biyo ni ka yi wa mutane bayani. Kada ka damu da hanya. Ni aza ma matashi mai taushi bayan babur."