Kibod Mai Zagayayyen Baki

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, kuma tun farko in faɗa: bai kamata a taɓa wa mutum kayan aiki ba tare da an gaya masa ba. Wannan ƙorafina ne, ban janye shi ba. Sauran laifin kuwa duk nawa ne.

Ni ban riƙe fensir ba sai da na kai shekara talatin da takwas, a ajin yaƙi da jahilci na garinmu Roni. Daga nan ban tsaya ba har na je Kazaure na yi kwas ɗin kwamfuta, benci ɗaya da sa'annin 'ya'yana. Da na dawo sai na tarar an ba ajinmu na mata, inda nake koyarwa yanzu, tsofaffin kwamfutoci shida da wani ofis ya gaji da su. Sai ka kunna ɗaya, ka je ka ɗora sanwa ka dawo, ba ta gama tashi ba.

Malam Sabi'u, jami'in da ke kula da azuzuwan manya, ya ce a kwashe su a zuba taki a ɗakin, tunda damina ta ƙarato.

Na ce, "Malam Sabi'u, takin ne zai koyi karatu?"

Ya ce, "Hajiya, waɗannan fa sun gama yayi."

"Mu ma haka aka ce mana."

Aka tsaya a kan wakilin hakimi zai zo ranar Talata ya gani da idonsa. In sun yi aiki ɗaki namu ne, in ba su yi ba na taki ne.

Na sa wa kwamfutocin manhajar Linux, na zauna gyaran kanel. (Kanel shi ne zuciyar manhaja, shi yake magana da allo da kibod da duk abin da aka jona wa na'ura.) Wanda yake zuwa da manhajar an cika shi da kayan kowace irin na'ura don ya yi wa kowa. A Kazaure malaminmu ya nuna mana yadda za ka rage shi, ka harhaɗa naka daidai da kwamfutarka. Ya kuma ce a ajiye tsohon ko da wani abu zai faru. Rabin farko kawai na riƙe.

Ni mace ce da ba ta ajiyar tarkace. Na bi jerin kayan da ke cikin kanel ɗaya bayan ɗaya. Firinta, ba mu da ita, cire. Kyamara, cire. Na zo kan USB, ramin da ake soka filashi, na leƙa bayan kwamfuta, na ga kibod ɗinmu tsofaffi ne masu zagayayyen baki, ba ruwansu da wannan ramin. Na ce matan nan wane filashi gare su? Cire. Tsohon kanel ma na goge shi, wai yana cin wuri. Kwana huɗu ina yi, kwamfutocin suka koma tashi kafin ki gyara zaman mayafi. Na bi gida gida ina gayya, kamar ni zan yi biki.

Ranar Talata ɗaki ya cika. Ina shiga na ga sababbin kibod baƙaƙe suna sheƙi a kan kowane tebur. Malam Sabi'u ya matso ya ce, "Na ga tsofaffin duk haruffa sun goge, kada mu ji kunya gaban baƙi. Na samo sababbi, waɗancan na ba mai jari-bola."

Na ce ya kyauta. (Har godiya na yi masa, ku ji fa.)

Na yi jawabi, na tsawaita. Na kunna kwamfuta, nan take shafin rubutu ya bayyana, aka yi tafi. Na kira Inna Delu, babbar ɗalibarmu, wadda ta zo da surukanta biyu don su ga ta rubuta sunanta. Ta yi bisimilla ta danna D. Shiru. Ta ƙara dannawa da ƙarfi. Shiru. Ta ɗago ta dube ni.

"Malama, ko yatsan nawa ne ba ta so?"

Na gwada ta biyu, ta uku, har ta shida. Sai na juya, da muryar da ake jiyowa daga bakin titi, na ce, "Malam Sabi'u, jabu ka kwaso mana! Da ma takinka kake so ya shigo!"

Malam Sabi'u ya matso. Ya zare kibod ɗin Inna Delu, ya jona a laftof ɗinsa, ya danna haruffa huɗu, ya juyo mana da allon. An rubuta Delu. A lokacin na lura da bakin wayar: shafaffe ne, na USB.

Wakilin hakimi ya ce, "To Hajiya, me ya same su?"

"Ranka ya daɗe, ni ce. Ni na cire abin da zai sa su ji irin wannan kibod."

"Don me?"

"Don su yi sauri."

Ya dubi allunan nan shida suna haske ba mai iya taɓa su, ya ce, "Sauri kam sun yi."

Surukan Inna Delu suka cusa baki cikin hijabi. Wanda ya roƙa mini mako guda kuwa Malam Sabi'u ne. Wakili ya ce Talata mai zuwa, daga nan ba ƙari, motar taki na hanya.

Na dai koyi cewa kwamfuta ba ta zama yadda ka bar ta, kuma duba bayanta ya fi sauƙi kafin a buɗe baki.

Washegari da hantsi na yi sallama a zauren Malam Sabi'u. Na ce, "A gaban mutane na ci mutuncinka, a gabansu zan ba ka haƙuri ranar Talata. Yanzu gaya mini inda mai jari-bolar nan yake. Tsohon kibod ɗaya mai zagayayyen baki nake nema in shiga in gyara ɓarnata."

Ya ce mutumin ya nufi Gwiwa da kurarsa tun jiya. Na fito na tare ɗan acaɓa.