Ekutar Mai Kunne Ɗaya

"...da gajiyar hanya? To madalla. Ashe Kano ta tauna ka ta tofar."

Lawali ne ke gaida taubashinsa Muntaka a tashar Matameye, gaban teburin mai kayan waya. Baki na gaisuwa, ido na kan sabon keken da Muntaka ya zo da shi daga cin rani, ko ledar sirdi ba a ɓare ba. Shi Lawali, a shekarar nan da soja suka karɓi mulki gero kuma ya bushe a tsaye, nasa keken tuni ya koma tuwo.

Muntaka ya ce, "Bawa, riƙe min keke, iyafis zan zaɓa."

"Iya wa? Nan ekutar muke cewa. Wata huɗu a Kano har harshe ya karkace."

"In na maƙala a kunne, kiɗa zan riƙa sha daga nan har gida Tsauni."

Muntaka ya ɗauki wani fari a kwali. Da mai tebur ya faɗi kuɗinsa, sai ya ajiye a hankali.

"Garwashi ka taɓa?"

"Farin kaya ba ya jure datti."

"Aljihu dai ba ya jure fari." Lawali ya tono wani baƙi a ƙasan tarin, ya gwada a wayarsa. "Ga daidai kai. Kunne ɗaya ke magana."

"Araha ba ta ado."

"Kai da ado ai sai a lahira. Ka bar kunne guda don odar mota. Kuma in soja ya tsai da kai a shinge ka wuce kana kaɗa kai, tsallen kwaɗo za ka yi har Kance. Kai ba na jin ka, keken nake tausayi."

"Ashe gado kake jira."

"Kai ne bawan, kuma bawa da kayansa ai na ubangida ne."

"Tun ɗazu kake shafa masa ƙaho kamar amarya. Yi ta yi, hassada ga mai rabo taki ce."

"Taki ba ruwa ƙona shuka yake. Tambayi gonata."

Muntaka ya dube shi sama da ƙasa. Sai lokacin ya lura da buhun wofi a hammatar Lawali.

"Ina zuwa da buhu?"

"An ce an kawo hatsin rangwame."

"A ka za ka kai shi gida?"

"A'a, jirgin sama na yi shata."

Muntaka ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya biya mai kunne ɗayan ya cusa a aljihu.

"Ka ci ni, tsohon bawa. Hau, ka kai wa iyalinka su Habsatu hatsin. Amma ka dawo min da shi kafin la'asar."

Lawali ya naɗe ƙafar wando, ya haye, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Sai da ya yi nisa ya waiwayo.

"La'asar ta wace rana?"