Ranar da Tipperary Ta Sauka a Makiyayar Kaka Nuala

"Lafiya lau, in ban da ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Kaka Nuala, ko ɗago kai ba ta yi ba daga burodin da take yankawa. "Goge ƙafarka. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, amarya. Kewarki ce ta hana ni barci."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rabonka da gidan nan da safe tun ranar da uwarka ta ƙona dankali."

Lorcan jikanta ne, dogon saurayi mai kunnuwa kamar hannun tukunya, kuma tun yana rarrafe ba su taɓa gaisawa babu cizo ba. Bana ya ɗauko wata sana'a, wai zai riƙa koya wa matafiya hurling, ƙwallon gorar nan tamu da mu mutanen Kilkenny muka ɗauka da muhimmanci fiye da abincin rana. Yau ce ranarsa ta farko. Bas guda na tsofaffin malaman makaranta daga Koriya na kan hanya, tare da wata Dervla daga kamfanin da ke yawo da su. In abin ya yi wa Dervla, za ta riƙa turo masa baƙi har ƙarshen bazara. In bai yi mata ba, Lorcan ya riga ya faɗa wa kowa zai bi yayyensa Ostiraliya. Jikokin Nuala duk sun watse duniya, shi kaɗai ya rage mai turo mata ƙofa babu sallama. Tsoron tafiyarsa ya daɗe yana cin ta, amma ta gwammace ta haɗiye cokali da ta faɗa masa.

"Filin kulob ya zama tafki," Lorcan ya ce yana jawo kujera. "Agwagi na tarar suna atisaye a gaban raga."

"To a ba su baƙin mana. Ko agwagwar da ta fi kowace lalaci ta fi ka iya riƙe sanda."

"Ni da na yi shekara da shekaru a ƙungiyar ƙauyen nan?"

"A kan benci. Bencin nan ya san bayanka fiye da yadda uwarka ta san fuskarka. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kai ka zo ka ƙaryata magabata."

"Wace barewar? Ke da sai kin huta sau biyu tsakanin gado da butar shayi?"

"Yaro man kaza. Ina budurwa na taɓa buga ƙwallo a garinmu, sai a tukunyar miyar wani limamin coci a Limerick aka tsamo ta."

"Bara kin ce a Cork ta faɗi."

"Ta yi tsalle ne. Faɗi abin da ya kawo ka, ragon miji, shayina na hucewa."

"Makiyayarki ta bayan gida nake so. Ta wuni ɗaya. Ita kaɗai ce tudu a ƙauyen nan."

Nuala ta shafa wa burodinta man shanu a natse, har gefe-gefe. Tun kafin ya rufe baki ta ba shi filin a ranta. Amma ba ta saba ba da abu hannu sake ba, kuma wata dabara da ta daɗe tana jiran ranarta ta ɗago kai.

Ita dai Nuala ba 'yar nan ba ce. Daga Tipperary aka auro ta, lardin da ke can tsallaken iyakarmu, wajen mutanen da ba mu da abokan gaba kamarsu a fagen hurling. Ta fi shekara hamsin tana shan ruwanmu, ta binne miji a ƙasarmu, amma ko tsumman goge tebur mai launin baƙi da ruwan ɗorawa, launin Kilkenny, ba ta yarda ya kwana a gidanta ba. Kowace Kirsimeti sai ta saya wa jikokinta shuɗiyar jesin Tipperary, su kuma su yi godiya, su cusa ta ƙarƙashin kujera su gudu. Ita kuwa ta bi ta tsince, ta ninke, ta jera a akwati.

"Na ba ka," ta ce. "Amma duk wanda zai taka min ciyawa da sanda a hannu, shuɗiyar riga zai sa."

Lorcan ya ajiye kofi. "Kaka, a tsakiyar Kilkenny? A bakin titi?"

"Au, yau kuma Kaka na zama? Ina amaryar?"

"Na sake ta. Kin san Mossie mahauci zai daina sayar mana da nama?"

"Naman nasa da sai an yi masa addu'a kafin ya tauno? Ya riƙe abinsa."

"Ku dai mutanen Tipperary ba ku gaji arziki ba. Majefa duwatsu kawai."

"Ku kuma maguna, sai yaƙushi da satar madara. Kai ma za ka sa."

"A'a. Baƙi ba su san abin da suke yi ba, Allah ba zai kama su ba. Ni kuwa da hankalina."

"Da wanne?"

Suka ja, suka ja, har aka tsaya a kan baƙi kaɗai. Dole uwar na ƙi. Lorcan ya kinkimo akwatin yana riƙe da shi nesa da jikinsa kamar mai fitar da shara.

Da hantsi bas ya tsaya. Baƙin suka sauko, masu fara'a da yawan sunkuyawa, suka karɓi rigunan da hannu biyu, suka sa suna yaba kyan launin. Nuala ta hau katangar dutse ta zauna da bargo a cinya. Rabon da ta ga shuɗi mai yawa haka tun ranar bikinta.

Gaskiya Lorcan ya iya baki. Ya raba hulunan kwano, ya auna wa kowa sanda: a tsayar da ita a gefen ƙafa, in kanta ya kai wuyan hannu, ta yi. Ya nuna musu faffaɗan bakinta mai kamar na ludayi. Raga kuwa babu, sai ya nuna igiyar shanyar Nuala da turakunta biyu. Ƙwallo ta bi ta sama, maki ɗaya. Ta bi ta ƙasa, maki uku.

"Ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu," ya ce. "Ka murzo ta baya da sanda, ka zura baki ƙarƙashinta, ka ɗago, ka cafe. Sai ka ɗan cilla ta sama, ka zabga. Ku duba."

Ya cilla, ya zabga, ƙwallo ta faɗo kan takalminsa lafiya lau.

"Baƙi ku lura da kyau," Nuala ta ce daga kan katanga. "Wannan shi ake kira korar ƙuda. A Kilkenny kaɗai ake koyar da shi."

"Iska nake gwadawa, tsohuwa."

"Ta ji jiki kuwa."

Wata 'yar ƙaramar mata mai furfura, Madam Seo, ta riƙe sandarta irin riƙon masu wasan golf, hannun dama a ƙasa. Nuala ta kasa daurewa.

"Baiwar Allah, juya hannun. Wanda kike rubutu da shi, shi ne a sama. Ba gonar attajirai kika zo ba."

Madam Seo ta sunkuya ta gode, ta juya hannu, ta cilla, ta zabga. Ƙwallo ta tashi ta haye igiyar shanya, ta haye katanga, ta sauka a gefen motar Mossie mahauci da ke wucewa, ji kake kwam.

Mossie ya taka birki ya fito. Ya dubi motarsa, ya dubi filin, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya koma mota ya juya. Ba a daɗe ba sai ga shi ya dawo da tsofaffin ƙauye cike da bayan motar, kowa da tsohuwar sandarsa, wani ma da kumfar aski a rabin fuska.

"Lorcan, ashe da ranmu za a ci mu da yaƙi?" Mossie ya ce yana huci. "Tipperary a bayan cocinmu? Kakanka na kwance can yana ji. A tuɓe rigunan nan yanzu, ko mu kwana a nan."

Baƙin suka yi cirko-cirko, murmushinsu ya fara yin sanyi. Direban bas ya tayar da inji. Dervla ta dubi agogonta, ta dubi Lorcan, irin kallon da ake yi wa miyar da ta yi tsami. Lorcan kuwa kunnuwansa sun yi jajur.

Nuala ta dube shi daga kan katanga. Ta ga jirgin Ostiraliya ƙiri-ƙiri, kuma ita ce da taurin kanta ta kai yaron bakin ƙofarsa. Ta yar da bargo, ta sauko daga katanga da saurin da gwiwoyinta ba su yafe mata ba har yau.

"Mossie Brennan, a filina kake ɗaga murya? Ba a tuɓe riga da baki. In kun isa maza, ga fili ga mai doki. Ku ci su, ni da kaina zan ƙona rigunan."

"Nuala, waɗannan yau suka fara ganin sanda."

"Shi ya sa na ce ko za ku iya. Kai da aka sa maka ƙugun roba, ka tabbata ka ɗaure shi da kyau, kada mu tsince shi a cikin tumaki."

"Ƙuguna ya fi bakinki lafiya."

"To shigo da shi."

Wane ɗan Kilkenny ne za a yi wa haka a gaban baƙi ya koma gida? Suka tuɓe kwat suka shigo. Lorcan ya farfaɗo, ya raba wa tsofaffin sauran huluna, ya zama alƙali, yana busa usur yana koyarwa a lokaci guda. "Madam, cafe da hagu. Malam, ɗora ta a bakin sanda ka ruga. Mossie, ba a riƙe wa baƙo riga."

Ba a taɓa yin wasa mai tafiyar hawainiya irin wannan ba a tarihin ƙauyen. Mai kumfar aski ya kai wa ƙwallo duka ya samu kan kabejin Nuala. Wani malamin lissafi ya ɗora ƙwallo a sanda ya ruga da ita tiryan-tiryan, ba wanda ya iya kamo shi, har ya fita ta ƙofar makiyaya ya nufi coci. Duk wanda ya ture wani sai baƙin su tsaya su sunkuya su ba da haƙuri, tsofaffinmu kuma kunya ta sa su ma suka fara sunkuyawa, Mossie ya sunkuya ya kasa miƙewa. Ana cikin tallafarsa Madam Seo ta samu ƙwallo ita kaɗai, ta gyara hannu yadda aka koya mata, ta zabga ta ƙarƙashin igiya, ta tafi da zanen gadon Nuala gaba ɗaya.

Nuala ba ta ga cin ba. Fuskar Dervla take kallo. Dervla na jingine da bas, ta riƙe ciki, hawaye na zuba don dariya.

Bayan an tashi, an sha shayi, Mossie ya yi rantsuwa cewa rana ce ta shiga idonsa alhali tun safe hadari ne, Dervla ta ja Lorcan gefe. Nuala ta bi su da tire don kada a ce saurare take.

"Duk Asabar zan turo maka bas," Dervla ta ce. "Amma yadda aka yi yau nake so. Shuɗayen riguna, tsofaffin nan, da Kaka a kan katanga."

"Tsofaffin ba za su yarda ba," in ji Lorcan.

"Wa ya ce?" Mossie ya amsa daga nesa. "Ai sai mun rama."

Da bas ya tafi, Lorcan ya shigo kicin ya miƙe ƙafafu a kujerar kakansa.

"To amarya, na mayar da ke. Ostiraliya ta yi asara."

"Ostiraliya ta tsallake rijiya da baya. Sauke ƙafarka."

"Ki dai faɗi gaskiya, da na tafi da kin yi kuka."

"Da na yi biki da makaɗa."

Ta shige ɗaki. Ya ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado tana mita. Ta fito da ƙunshi a takarda, ta wurga masa a cinya. Ya buɗe. Jesi ce sabuwa dal, baƙi da ruwan ɗorawa, ta Kilkenny.

Lorcan ya ɗaga rigar. "Kaka, ke kika sayi wannan? Da hannunki?"

"Da safar hannu. Sai da na shiga bas na tafi garin da ba a san ni ba." Ta juya tana goge teburin da ba shi da datti. "Na ce in ka tafi can, ranar da kewar gida ta kama ka, ka samu abin sawa. Ban so ka tafi ba, Lorcan. Ko kaɗan ban so ba. Tunda kuma ka zauna, fitar min da ita daga gida kafin ta sa min ƙuma."

Ya yi dariya. Ya zura rigar a kan ta jikinsa, ya buɗe hannuwa zai rungume ta, ta tare shi da cokali.

"Kada ka taɓa ni da wannan abin. Kuma in Mossie ya ji labarin nan, ni da kaina zan kai ka filin jirgi."