Sarkin Ruwan Gaithersburg da Gidan Katako

Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Gaithersburg bai san Injiniya Dabo ba, laifinsa ne, domin Injiniya bai taɓa ɓoye kansa ba. Mutum ne mai tausayi. In ka gaishe shi, kafin ka kai ga "ina gajiya" ya riga ya faɗa maka digirinsa biyu da gadojin da ya duba a jihar Maryland, don kada ka wahala wajen tambaya. A wurin taro ba ya neman kujerar gaba. Yakan tsaya ne kawai a gefenta, har sai wanda ke zaune ya tuna yana da uzuri a waje. Dattawa na yaba masa da cewa bai taɓa katse kowa ba, sai dai in wani ne ke magana.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. A ofis ya lura manyan Amurka ba da hula ko mota ake gane su ba. Ranar Litinin sai ka ga shugaban sashe ya shigo fuska ta ƙone da rana, hannu duk cizon sauro, ya ce, "Muna bakin tafki." Kowa sai ya gyaɗa kai cikin ladabi. Nan Injiniya ya gane cewa a ƙasar nan babban mutum shi ne mai ɗan gida a bakin ruwa, inda zai je sauro ya cije shi cikin sirri.

Ana cikin azumi, bazara ta kankama, sai ya ga tallar wani gidan katako na sayarwa a gaɓar wani tafki can yammacin jihar, cikin duwatsu, inda mutanen Washington ke tserewa in zafi ya matsa. Ya kira dillaliyar, wata mai suna Pauline, ya taya ba tare da ya je ya gani ba. A makon, wajen buɗa-bakin jama'a, ana tsakiyar shan kunu, ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, shekara da shekaru muna shagalin bayan Sallah a filin gwamnati, muna rabon inuwa da masu gudun motsa jiki. Abin ya daɗe yana damuna, ba don kaina ba, don martabarku. To, bana an wuce wurin. Bana a gidana na bakin tafki za a yi. Kada kowa ya ɗauko kujera, kada kowa ya ɗauko tukunya. Ku kawo kanku kawai."

Malam Ubale, dattijon da ya tsufa yana karanta labarai a rediyo, ya ajiye ludayi ya ce a hankali, "Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa." Aka yi dariya. Injiniya bai ji dariyar ba, sarautar ya ji. Washegari duk saƙon da ya aika, a ƙarƙashin sunansa akwai ta. Ya sayi farar hular matuƙan jirgin ruwa, da rigar hana nutsewa mai ruwan lemo, ya gwada ta a kan babbar riga gaban madubi. Ruwa mafi zurfi da Sarki ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka, amma sarauta ba ta tambayar irin wannan.

Matarsa Saudatu ta ce, "Baban Khalil, ba a cinikin biri a sama. Ka bari a sa hannu tukuna."

Ya ce, "Hajiya, wannan karin maganar ta waɗanda ba su karanta taswira ba ce. Ni hoto ya ishe ni."

Ran Asabar suka kama hanya. A bakin gidan Pauline ta tare su, ta ja Injiniya gefe ta ce masa su biyu ne ke nema, kuma tayinsa ya fi. Sai dai mai gidan, wata tsohuwa Edna, ta ce sai ta ga mai saye da idonta, domin marigayi mijinta ne ya gina shi da hannunsa. Ta ce, "Ka yabi itatuwan, ka sha shayinta, kada ka tsawaita." Injiniya ya yi murmushin wanda aka zo koya wa sana'arsa.

Ya zagaya gidan hannu a baya. Bango na gungumen itace. Murhu na itace. Ruwa sai an buga famfo a tsakar gida. Makewayi kuma can bayan gida, ɗan ɗaki mai rami, irin wanda ya rantse ya yi bankwana da shi tun ranar da ya bar ƙauyensu. Ga itatuwa sun rufe ko'ina, ga tafki shimfiɗe tun daga ƙofar ɗaki, babu ko darni tsakani. Tausayin tsohuwar ya kama shi. A ransa ya ce, ashe baiwar Allah nan a cikin wannan hali ta tsufa, kuma a Amurka.

Edna ta zaunar da su a baranda ta kawo shayi, da suka ce suna azumi ta zuba wa kanta. Ta nuna wata doguwar bishiya ta ce ranar da ta haifi ɗanta na fari suka dasa ta. Ta tambayi Injiniya me ya gani. Tambayar da yake jira ke nan. Ya miƙe, ya saki Turancinsa na taron ƙoli.

"Mama, ki kwantar da hankalinki, wahalar gidan nan ta ƙare. Ya faɗo hannun masani. Da farko, itatuwan nan duka za a sare. Maɓoyar macizai ne, ga zubar da ganye. Wannan doguwar da ita za a fara, kada ta faɗo wa mota. Tsakar gida a malale ta da siminti har bakin ruwa. Gungumen nan a rufe su da filasta, a sa tayil, a ɗora bene. Sannan babban aiki: katanga. A wurinmu gida ba katanga kango ne. Za ta zagaye ko'ina, da baƙin get na ƙarfe, da waya a sama. Ta gefen ruwa sai ta fi tsayi, don na ga masu kwalekwale na wucewa kusan tsirara, ni kuwa mai iyali ne."

Saudatu ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauka tunatar da shi take yi, ya ce, "Af, na manta. Da ɗakin maigadi."

Tsohuwar ta daɗe tana juya cokali. Can ta ce, "To ta ina za ka riƙa ganin tafkin?"

Injiniya ya yi dariyar haƙuri. "Mama, ai na riga na gan shi. Kallo na wanda ba shi da abu ne."

Pauline ta duƙa tana neman wani abu a jakarta, ba ta ɗago ba sai da suka yi sallama. A mota Injiniya ya ce wa Saudatu, "Kin ga yadda idonta ya kawo ruwa? Ba ta taɓa zaton wani zai ceci gidan ba." Saudatu ta ce, "Haka ne," ta juya tana kallon duwatsu.

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ba su ce mai wuyan yakan ji nan take ba. Sai ranar Talata Pauline ta kira ta ce an sayar wa ɗaya mai neman. Injiniya ya ce zai ƙara. Ta ce Edna ta ce ko zai ƙara mata da jihar Maryland. Ya ajiye waya yana mamakin yadda tsufa ke taɓa hankali.

Saura jama'a, ga Sallah ta ƙarato, ga mata sun riga sun ɗinka anko mai ruwan tafki. Da wani ne, da ya fito ya ce ciniki ya watse. Amma wannan halin talakawa ne. Sarki sanarwa ya fitar cewa ana wasu gyare-gyare a fada, don haka za a haɗu a ɗaya gaɓar, inda iska ta fi kyau. Ɗaya gaɓar kuwa filin gwamnati ne, mai rumfunan haya. Da yake ya makara wajen kamawa, rumfa ɗaya ta rage, ita ma ta rabin yini. Wannan bai ga dalilin saka shi a sanarwa ba.

Ranar taro motoci suka yi jerin gwano. Ba wanda ya kawo kujera, kamar yadda aka umarta, saboda haka likitoci da farfesoshi suka jeru a kan ciyawa, Sarki shi kaɗai a saman benci. Bayan an ci dambu da waina, Malam Ubale ya kare ido da tafin hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, idona ya yi rauni. Wanne ne namu a ciki?"

Injiniya ya ɗaga hannu ya share rabin tafkin da shi. "Can wajen. Amma Malam, tunda ka tambaya, bari in faɗa wa jama'a. Na je, na duba, na ga gwauruwa ce tsohuwa, ranta na kan wurin. Sai na ce Dabo, kai da Allah ya ɗaukaka, kar ka zama sanadin hawayen gwauruwa. Na bar mata ta sayar wa wanda take so. Shugabanci sadaukarwa ne. Kuma in kun lura, mai gida gaɓa ɗaya gare shi. Ni yanzu ba inda ba nawa ba a tafkin nan."

Malam Ubale ya ce, "Allah ya saka da alheri. Samun irinku sai an tona."

Sarki ya gyara tsayuwa zai shiga babi na biyu na jawabi, sai ga wata Baturiya ta iso da balan-balan, mai gadin filin na biye da ita. Mai gadin ya gaishe su da fara'a, ya ce lokacin rumfar ya cika, masu yamma sun zo da bikinsu. Injiniya ya ce shi ma mai biki ne, a kira masa mai wancan bikin su yi magana, babba da babba.

Baturiyar ta ja igiyar da ke hannunta. Wani ɗan farin kare ya fito daga bayanta, an ɗaura masa hular takarda, yau yake cika shekara. Ya shinshina gefen babbar rigar Sarki, ya yi tsalle ya haye bencin, ya zauna yana jiran a watse.