Maharazu Sha-Teku Ya Buɗe Fage Irin na Faris

"Ni da idona na gani. Ƙabilun duniya kaf a fage ɗaya, kowace da tutarta, ni kuwa ina zaune kusa da sarkin garin, har yana tambayata ko rana ta dame ni."

Maharazu ke nan, wanda mutanen Tudun Dabino suka laƙaba wa Sha-Teku, yana ba da labarin yadda aka buɗe wasan duniya a birnin Faris. Tudun Dabino ƙauye ne a gindin duwatsun ƙasar Dutse, zamanin kuwa Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba. To, tsakanina da kai, tekun da gogan ya taɓa hayewa bai wuce kogin Wudil ba, shi ma a kwalekwale, ido a rufe, yana ta salati. Cin rani ya je Kano, ya yi dakon gyaɗa a kantin wani Bature. Kukun Baturen ne ya ba su labarin wasan, shi ma kukun ta taga ya tsinto. Maharazu ya kwaso, ya ƙara gishiri, ya dawo gida da tsohon gajeren wandon kaki, da hular kwano mai huji, da usur a wuya.

A gindin tsamiya ya zayyana musu komai: yadda 'yan wasa ke tafiya a layi bayan tutoci, a saki tattabaru, a buga igwa, sannan mutum ɗaya ya fito tsakiyar fage ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa. Kowa kuwa ya tofa albarkacin bakinsa. Malam Idirisu, mai makarantar allo, ya ce mutanen da za su tara duniya don su yi gudu alhali ba abin da ya koro su, addu'a suke bukata. Baba Muntaka maharbi tattabarun ne suka tsaya masa a rai, ya ce a kama tsuntsu da kitsensa a sake shi, ko dai babu tukunya a garin? Iya Luba mai ƙosai kuwa wandunan ne suka ba ta tausayi. Ta ce su da ke sayar mana da yadin akoko, a ce sun rasa ƙyallen da zai rufe musu gwiwa.

Maharazu ya dube su ya girgiza kai, ya ce wanda bai je ba ai bai gani ba.

Abin da ke ransa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sarkin Wasan garin ya rasu da damina, rawaninsa na nan ba mai shi, ga kokawar kaka ta matso, wadda samarin Kafin Hausa da na Miga ke zuwa. Maharazu na son rawanin nan kamar ransa. Matsalar ita ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kayar da ko ɗan akuya ba. Sai ya wanke ƙafa ya tafi wurin Dagaci, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce a ba shi fage ya buɗe shi irin na Faris, a ga abin da ko Kano ba su taɓa gani ba. Dagaci mutum ne mai son a ce garinsa ya fi na maƙwabta, ya ce, "In ka burge mini baƙi, rawani naka ne."

Ranar wasa, hantsi ya dubi ludayi, fage ya cika maƙil. Sai ga uban tafiya ya ɓullo cikin kaki da hular kwano, ƙafafu kamar sillen kara, yana busa usur. Ya ce samarin kowane gari su jeru a bayan tutarsu. Tutocin kuwa zannuwan mata ne da ya bi shanya ya tsinto, ya ɗaura a gora.

A nan aka fara samun tangarɗa. A zamanin nan ba a jera samari a layi sai don abu biyu: ko ƙidayar haraji, ko ɗiban aikin hanya, wanda in an tafi da mutum sai ya dawo uwarsa ba ta gane shi ba. Samarin Kafin Hausa ba su san Maharazu ba. Abin da suka gani shi ne mutum cikin kaki, da usur, yana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Suka jeru dai don kunyar Dagaci, amma kowa na satar kallon hanyar dutse. Tafiyar layin kuwa ba a cewa komai, na gaba na jan ƙafa, na baya na neman zama na bayan baya. Ana cikin haka Iya Luba ta hango zanenta na zuwa biki yana kaɗawa a kan gora. Ta ajiye matsamin ƙosai ta bi mai tutar, shi kuma ya ga tsohuwa ta nufo shi ba fara'a, ya ƙara mai. Suka zaga fage ita da shi, mutane na tambayar juna ko wannan ma a cikin tsarin yake.

Maharazu ya ce kada kowa ya damu, yanzu za a ga abin mamaki. Ya jawo kwandon tattabarun da ya aro a gidan Malam Idirisu, ya ce kowa ya dubi sama. Kowa ya ɗaga kai, har Dagaci ya dafe rawani. Ya buɗe kwando. Shiru, sama ba komai sai rana.

Ashe Malam ya fige musu fiffike tun makon jiya, saboda sun addabi riɗin maƙwabta, gwanin naka kuwa bai tambaya ba. Tattabaru suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka karkaɗe jiki, suka ratsa ta gaban Dagaci a ƙasa, suka nufi gida abinsu. Malam ya bi su da kallo ya ce, su dai kam sun iya tafiyar layin.

Gumi ya fara tsattsafo wa Maharazu ta ƙarƙashin hular kwano. Ya yi wa Baba Muntaka alama. Da ma tun da safe ya matsa wa tsohon ya ɗura wa bindigarsa albarushi ninki biyu, wai don ta yi ƙarar igwa. Baba ya ɗaga bakin bindiga sama ya ɗana kunama. Ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, Baba ya zauna daɓas ba da niyya ba. Wani daga cikin layi ya ce, "An fara ɗiba!"

Kafin hayaƙi ya washe babu saurayi ko ɗaya a fage. Ƙarti majiya ƙarfi, masu layu har gwiwar hannu, suka haye duwatsu kamar awaki, suka laɓe suna leƙe. Aka bar Dagaci da dattawa da mata, sai makaɗa, don su ba sa gudu su bar tuwo. Fuskar Dagaci ta yi baƙi ƙirin.

Mai hankali a nan zai tsaya. Amma Sha-Teku ya ga rawani na neman suɓuce masa, ya ce saura rantsuwa, ita ce ma gaba da komai. Ya tuɓe riga, wai haka 'yan wasan Faris ke yi, ya taka zuwa tsakiyar fage, ya turo ƙirjin nan mai kama da allon wanki, ya ɗaga hannun dama sama.

To, ko yaron goye a ƙasar nan ya san wanda ya tuɓe riga ya tsaya a tsakiyar fage ya ɗaga hannu, abokin karawa yake nema. Maharazu ma ya sani, Faris ce ta mantar da shi. A daidai lokacin kuwa mutanen Miga suka iso, sun makara a hanya, ba su ga layi ba, ba su san wani tsari ba. A gabansu akwai Jaji, ƙaton da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Makaɗa na ganin hannu a sama, ga Jaji a bakin fage, hannuwansu suka yi abin da suka saba, suka goce da taken Jaji. Maharazu ya ɗauka shi ake yi wa, ya ƙara miƙe wuya.

Jaji ya tako har gabansa ya ce, "Na amsa."

Maharazu ya ce, "Dakata, bawan Allah, rantsuwa nake yi."

Jaji ya ce, "Yi da sauri."

Bai ƙarasa bisimilla ba ya ji ƙasa ta rabu da ƙafarsa. Jaji ya saɓa shi a kafaɗa kamar damin gero, ya nuna shi gabas, ya nuna shi yamma, sannan ya shimfiɗe shi a kan kwandon tattabaru. Kwando ya baje, hular kwano ta gangara ta tsaya a gaban Dagaci.

Samarin da ke kan dutse suka ga an nana mai kaki da ƙasa, ba a kama kowa ba, ba a ɗaure kowa ba. Suka gangaro da murna, aka yi kokawar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin mai armashinta ba.

Ranar kasuwar Shuwarin ba a yi wata hira ba sai ta buɗe fage. Mutanen Kafin Hausa suka ce layin wahala ce, bindigar kuwa rashin imani. Baba Muntaka, da kunnensa bai gama dawowa ba, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce ai sa shi aka yi. Iya Luba ta ce an cuce ta, tana kwance zanenta daga gora aka yi mai daɗin, ita sai an sake. Malam Idirisu ya ce ya janye maganarsa, ashe Nasara na da hikima, tunda kafin su fara wasa sai sun kayar da wanda ya fi kowa surutu. A kan abu ɗaya dai bakin kowa ya zo ɗaya: ƙarshen nan ya yi kyau.

Da Dagaci ya aika a kira shi, Maharazu ya zo yana dafa bango, ƙugu ɗaure da tsumma, ya tabbata kora ce. Sai ya tarar da dattawa a zaune, ga rawani sabo fil a kan faifai.

Dagaci ya ce, "Baƙi sun yaba. Abu ɗaya nake so in ji daga bakinka a gaban dattawa. Ɗaukar nan da Jaji ya yi maka, kuskure ne, ko haka ake yi a Faris?"

Maharazu ya dubi dattawa, ya dubi rawani. Ƙugunsa ya ce faɗi gaskiya, bakinsa ya riga shi.

"Haka ake yi, ranka ya daɗe. Sak. Ni na tsara."

"Madalla, haka na gaya musu," in ji Dagaci. Ya sa aka naɗa masa rawani, aka yi addu'a, aka shafa. "To, Sarkin Wasa, daga bana an soke tuta, an soke tattabaru, an soke bindiga. Na ƙarshen nan kaɗai za a riƙa yi duk kaka, Jaji ya ce ko ba a gayyace shi ba zai zo. Sannan ka je ka gasa ƙugun nan da kyau, don mutanen Miga sun aro ka, jibi za ka buɗe musu nasu. Sun ce a can wan Jaji ne zai amsa."