Yadda Za Ka Sa Babban Mutum Ya Tsaya Maka a Kotun Rum

Kana da shari'a, ba ka da baki, ba ka da kowa a majalisa? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai, na rantse da Jufita, babban abin bautarmu, sai babban mutum ya miƙe gaban alƙali ya yi magana har jama'a sun yi tafi. A kan idona Sestiyus baduku ya bi su, lokacin da maƙwabcinsa Nawiyus ya tuge dutsen iyaka zai cinye masa gonar ɓauren da ya gada. Ban da gonar nan ba shi da ko ƙyalle.

1. Riga zakara tashi

Kafin rana ta fito ka kasance a ƙofar ubangida cikin togarka, mayafin 'yan ƙasa, wadda aka wanke tas da fitsari kamar ta kowane mutumin kirki. Sana'a ta jira. Kullum Sestiyus zai sauko daga hawa na biyar, matarsa Noniya na binsa da magana: "Maigida, takalman mutane fa?" Shi kuwa sai ya ce, "Ke, takalmi ne zai tsaya mini a kotu?"

2. Nuna wa bawa kai ɗa ne

Akwai bawan da ke tsaye bayan maigida yana raɗa masa sunan duk wanda ya zo gaisuwa, don sanata ba shi da lokacin riƙe sunan mutum ɗari biyu. Kada ka kuskura ka gaishe shi. Ranar farko bawan ya ce wa Sestiyus, "Sunan baƙo?"

"Matsa can, ɗan gwanjo! Allin da aka shafa maka a kasuwar bayi bai gama gogewa a ƙafarka ba, kake tambayar ɗan ƙasa suna?"

Layi ya kwashe da dariya. Haka ake yi. Ai bawa kayan aiki ne mai magana, ba shi da zuciyar ƙullata.

3. Zagi abokin shari'arka da suna

Ka ɗaga murya a layi: Nawiyus ɓarawo, Nawiyus macuci. Ka yi ta maimaitawa har duk mai kunne a zauren ya haddace.

4. Kada ka gyara wa babba magana

Da layi ya zo kan Sestiyus, bawa ya sunkuya ya yi raɗa. Maigida Alfeniyus ya washe baki: "A'a, Nawiyus! An tashi lafiya?"

Sestiyus ya rusuna: "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Aka miƙa masa ɗan kwandon burodi da zaitun.

A gida Noniya ta ce, "To ka faɗa masa mana!"

"Wa ya gaya miki ana gyara wa sanata? Fuskata ai ya sani."

Shekara biyu cur yana amsa sunan maƙiyinsa, kowace safiya.

5. Zama inuwarsa

Ka shiga gaban masu ɗauke da maigida a kujera kana ture mutane. Ka raka shi dandali, ka raka shi gidan wanka. In ya karanta waƙar da ya rubuta, ka share hawaye ko da barci ne ya kawo su.

6. Ranar shari'a ka ja bakinka

Alfeniyus ya cika alkawari, ba a raina masa ba. Ya gyara toga, ya nuna sama, ya yi ta zuba har agogon ruwan da ake auna wa mai magana lokaci ya tsiyaye. "Ya alƙali, Nawiyus mutumina ne! Shekara biyu bai taɓa fashin ƙofata ba. Duk mai neman taɓa gonar Nawiyus, ni ya taɓa!"

Kai jama'a, tafi kamar rumfa za ta faɗi. Nawiyus na gaskiya yana gefe, baki sake. Alƙali bai ɓata lokaci ba, ya ba shi gona.

Sestiyus ya kama gefen togar maigida: "Ranka ya daɗe, ni fa..."

"Haba, kada ka gode mini, Nawiyus. Haƙƙinka ne."

7. Gobe ka dawo

Ina za ka? Gona ta tafi, masu takalma sun koma wurin wani baduku, kwandon nan ne abincin gidanka. Washegari ga Sestiyus a layi, ido ya yi ja. Ya matso kusa da bawa, ya yi ƙasa da murya: "Ina kwana, Hilarus. Sunana Sestiyus."

Bawan ya ji tausayinsa ƙwarai, ya raɗa sunan daidai. Maigida ya dube shi sama da ƙasa. "Sestiyus? Sabo ne ke nan. To ya koma bayan layi, tsofaffin mutanena ke fara karɓa."

Jan kunne

Abin da na yi alkawari shi ne babban mutum zai yi magana. Ban ce a kan wa ba. Wanda ya bi matakan nan ya rasa gona, ko sana'a, ko mutuncinsa a idon matarsa, kada ya neme ni, kada kuma ya kai ni ƙara, don doka ba ta karɓar ƙara a kan kayan aiki. Ni Hilarus, suna kawai nake raɗawa. Allin ƙafata kuwa tuni ya goge, maganar ce ba ta goge ba.